Golan Rogo da Taken Ubansa

A ƙarshe-ƙarshen zamanin Turawa, wani Di'o mai son motsa jiki ya sa aka sassaƙa garkuwa ta katako, aka manna mata tagulla a tsakiya, ya ce garuruwan ƙasar Ƙaraye su riƙa buga tamaula a kanta. Garuruwan su ne Ƙaraye da Rogo da Beli da Turawa. Wannan na ƙarshen ƙauye ne, sunansa ke nan tun kaka da kakanni, amma ranar da aka yi shela wata tsohuwa a unguwarmu ta ce zalunci ne a haɗa 'ya'yan talakawa da mutanen da ke cin ƙwai kowace safiya. Ana fara wasa da an gama cirar gyaɗa, a yi ta yi har bazara, kowane gari ya je filin kowa, kowa kuma ya zo filinsa.

Golanmu na Rogo Iro ne, mahauci. Malam Ƙasimu na elementare, wanda ke koya wa samari wasan, shi ya tsinto shi a rumfar nama. Wata ranar kasuwa shirwa ta sauko ta suri tsoka daga kan teburin Iro, shi kuwa ya daka tsalle ya ƙwace naman a sama, tsuntsuwar ta wuce da ƙafafu wayam. Malam yana tsaye yana jiran a yanka masa hanta. Ya ce, "Wannan hannun asararsa ake yi a nan." Iro bai taɓa iya buga tamaula da ƙafa ba, har ya bar duniya. Amma in ya tsaya tsakanin sandunan nan biyu, sai ka ga kamar an rufe ƙofa an sa sakata.

Wurin nan ya fi masa komai, kuma da dalili. Ubansa, marigayi Jibo, ɗan dambe ne da aka sani tun daga nan har cikin ƙasar Zazzau. Iro ya shiga dambe yana saurayi, aka kayar da shi a gaban mutane, ya sake shiga aka sake kayar da shi, sai ya kwance zaren hannunsa ya koma wa wuƙa. Daga nan ake cewa Jibo ya tafi da abinsa. A tsakanin sandunan nan ne aka fara kiran Iro da sunansa, ba a haɗa da na ubansa ba.

Abu guda ya rage masa na Jibo, shi ne take. Wanda bai zauna da mahauta ba sai an yi masa bayani. Kowane gida mai suna a cikinsu yana da 'yar magana da kalangu ke faɗa. In an kaɗa ta, ɗan gidan ba ya zama. Jikinsa zai ɗauki tsuma, ya tashi ya fito fili, ya ɗaga hannu ya yi kirari. Taken gidan Jibo cewa yake, "Ga gatari, ina ƙashi?" Kowace ranar kasuwa Daudu makaɗi, abokin Jibo tun ƙuruciya, yakan bi rumfunan mahauta ɗaya bayan ɗaya. In ya zo kan Iro ya saki wannan, Iro ya ajiye wuƙa ya fito ya amsa, a ba Daudu ɗan nama, kowa ya koma aikinsa. Na sha tsayawa ina kallon wannan abu. Har yau ban gane yadda fatar matacciyar akuya ke ɗaga mutum mai rai daga zaune ba.

Wasan farko na shekarar da nake ba ku labari da Ƙaraye ne, a filinsu. Muka cika motar gyaɗa, wasu suka bi a kan keke, wasu tun ana gobe wasa suka taka da ƙafa suka kwana wurin dangi. Daudu yana saman buhuna da kalangu a hammata, yana kiɗa tun daga Rogo, in mota ta faɗa rami kiɗan ya yi shaƙuwa.

'Yan Ƙaraye suna da wani dogon tela, Liti, mai ƙafar hagu kamar taɓarya. Har rana ta yi sanyi babu wanda ya ci wani. Can kusa da tashi Liti ya sami sarari ya ɗirka, Iro ya tashi a kwance cikin iska ya rungume tamaular. Ni dai na ga kamar inuwarsa ta tsaya a ƙasa tana jiran ya dawo. Ya miƙe ya wurga tamaular cikin fili. Daɗi ya kwashe Daudu, bai san lokacin da ya matse kalangu ya saki taken Jibo ba.

Iro ya tsaya cak. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Kafin wani ya ce wani abu ya bar sandunan, ya ratsa 'yan wasa da gudu har tsakiyar fili, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama.

"Ga ni, ɗan Jibo, gatari mai kwana a kafaɗa! Ƙashin da ya gan ni ya yi sallama da ɓargo!"

Tamaular kuwa tana ƙafar Liti. Ya dubi sanduna ba kowa, ya dubi Iro, ya dubi alƙalin wasa kamar mai neman izini. Sannan ya gangara ta a hankali. Ta wuce ta tsakanin sandunan, ta je ta tsaya jikin wani tarin kara, wata akuya ta zo ta shinshina ta. Alƙali ya hura usur. Bai daɗe ba ya sake hurawa, aka tashi.

Muka kamo hanyar gida a mota, muka ƙetare rafi. Audu mai gyaran keke ne ya fara magana.

"Shi ke nan, an gama. A ɗauki garkuwar a kai musu tun yanzu, kowa ya huta."

Malam Ƙasimu ya ce, "Haba Audu, wasan farko ne fa. Rani bai ko kankama ba."

"Malam, Larabar dai mun gan ta. Ba sai mun jira Juma'a ba."

Daga nan kowa ya buɗe baki. Wani ya ce filin Ƙaraye a karkace yake, gangarensa duk wajenmu. Aka tuna masa cewa an yi musanyar gefe bayan hutu, ya ce to gangaren ma juyawa ya yi. Wani ya ce matar alƙalin 'yar Ƙaraye ce. Wani ya ce da idonsa ya ga inda aka tona ƙasa a gindin sanda, ƙahon rago aka binne. Wani dattijo da bai san ko mutum nawa ke buga wasan ba ya ce shi tun da safe ya ga alama, da hankaka ya sauka a kan motar. Wani dillalin gyaɗa ya ce ba zai ƙara taka filin tamaula ba har abada. Shi ne ya riga kowa zuwa wasa na gaba, har da tabarmarsa. Iro yana can ƙarshen mota, ya ba mu baya, ƙafafunsa na lilo a waje. Daudu ya cusa kalangu cikin riga kamar mai ɓoye kazar sata.

Garin ya kwana da abin ya tashi da shi. Matan da ba su taɓa ganin tamaula ba suna maganar a bakin rijiya. Masu awon gyaɗa suka yi ta zubar da mudu suna sake awo, don gardama ta ɗauke musu hankali. Baraka mai fura ta hango Daudu tafe, ta rufe ƙwaryarta da faifai.

"Fura ta ƙare, Baba."

"Ga ta nan ina gani, 'yar nan."

"Ta mutanen Rogo ce. Ka je Ƙaraye, ai sun san alherinka."

Ranar kasuwa kuma 'yan Ƙaraye suka zo fiye da kullum, da mai abin saye da wanda ba shi da. Sai su bi ta gaban teburin Iro suna ƙwanƙwasa taken a jikin ƙwarya. Liti da kansa ya zo, da sabuwar riga.

"Sannu da aiki, ɗan Jibo. A yanka mini mai kyau. Amma ka tsaya a wurin har mu gama, kada in juya in ga tebur ba kowa."

Iro ya yanka, ya naɗe a ganye, ya miƙa masa. Bai ɗaga kai ba.

Da la'asar aka taru a gindin tsamiyar bayan makaranta, aka rabu biyu, masu cewa laifin makaɗi ne da masu cewa laifin gola ne. Daudu ya ce, "Ni kiɗa na gada. Yaro ya yi bajinta a gaban jama'a, na kaɗa masa. Ba wanda ya gaya mini cewa a wasan Nasara in mutum ya yi abin kirki sai a yi shiru kamar gidan makoki."

Audu ya juya. "To kai Iro, da kunne ake tsaron gida ko da hannu?"

Iro bai kula shi ba. Ya juya wajen Malam. "Malam, ban san na fita ba. Farkawa na yi na gan ni a tsakiyar fili."

Malam Ƙasimu ya daɗe yana murza alli a yatsunsa. Sannan ya ce, "Na yarda da kai. Amma ba ni da ɗan wasan da zan ajiye wa kalangu. Baba Daudu, ranar wasa ka bar abin nan a gida, don Allah. Kai kuma Iro, in ka sake barin sandunan nan ba a hura usur ba, ko gobara ce ta tashi, to na ba wani wurin. Ba fushi ba ne."

"Na ji, Malam."

Haka aka yi. Muka je Beli ba kiɗa, muka ci. Turawa suka zo muka ci su, tsohuwar unguwarmu ta ce ashe ƙwan bai yi musu rana ba. Aka yi ta yi, tamaula ba ta wuce Iro. Audu ya fara tambayar a wane ɗaki za a rataye garkuwa. Baraka ta koma sayar wa Daudu fura, har da gyara. Ya rage 'yan Ƙaraye su zo filinmu, kuma kowa ya san wanda ya ci wannan shi ke da garkuwa.

Sai wata mata da ta je biki Ƙaraye ta dawo da labari. Ta ce ta wuce ta bayan katangar Ɗantala, makaɗin mahautan can, ta ji ana kaɗa abu ɗaya ana maimaitawa, a yi kuskure a sake. Da aka ce ta kwatanta, ta ƙwanƙwasa a jikin turmi. Ga gatari, ina ƙashi.

Malam ya hau keke ya je wurin alƙalin wasa. Alƙali ya duba dokokin tamaula daga farko har ƙarshe, ya ce bai ga inda aka ambaci kalangu ba. Mu mun hana namu makaɗin da kanmu. Na baƙi ba mu da iko da shi.

A bangon ajin Malam akwai wata takarda mai hoto da aka naɗo masa sabulu da ita daga kanti a Kano. Hoton 'yan tamaular Amurka ne. Na sha leƙawa ta taga don in kalle shi. Tamaularsu ba zagayayya ba ce, kamar gwanda take, mai tsini gaba da baya. Wani ya rungume ta yana gudu, wasu ƙarti sun biyo shi za su kayar. Kafaɗunsu sun kumbura kamar an cusa musu matashin kai. Malam ya ce a can haka ake yi, a ɗauka da hannu, a yi kokawa, kuma sana'a ce, mutum ya ci ya sha da ita, in an cinye su gari guda ya kwana da baƙin ciki kamar mu. Na daɗe ina tunanin wace irin ƙasa ce wannan, inda ko tamaula ba ta yarda ta gangara kai tsaye ba. Amma Audu ba tamaular ya kalla ba. Ya ɗora yatsa a kan hular ɗaya daga cikinsu, mai kama da rabin ƙwarya, wadda ta sauko ta rufe kunnuwa.

"Ka gani, Malam? Su ma suna fama da makaɗa a can. Sun riga mu gano maganin."

Aka kai hoton wurin baduku. Ya ɗinka hula da jar fata, ya yi mata kunnuwa biyu masu saukowa kamar na tunkiya, ya cusa auduga, ya sa maɗauri a ƙarƙashin haɓa. Iro ya sa, aka tsaya bayansa aka buga tasa da muciya, bai waiwaya ba. Jama'a suka yi ta murna kamar an riga an ci.

Ya tafi da hular gida. Gwaggonsa Hajo, yayar Jibo, tana ƙofar gida tana matsar ƙuli-ƙuli, Daudu yana zaune a kan dakali kusa da ita. Da ganinsu ya san maganarsa suke yi.

Hajo ta ce, "Mene ne wannan a hannunka kamar tumbin sa?"

"Hula ce, Gwaggo. Ta wasa."

"Na ji labarinta. Ta toshe kunne ce, don kada ka ji an kira ubanka. Wai kai ne mai tsaron gida. Wane gidan?"

"Ba kiran kirki ba ne, Gwaggo. Ɗantala ne zai kaɗa don su ci mu. Tarko ne." Ya juya wajen Daudu. "Baba, ai in baƙo ya kaɗa da mugun nufi ba dole ne a amsa ba, ko?"

Daudu ya daɗe yana taunar goro. "Da zan iya ce maka haka, da na ce. Kalangu bai san hannun wa ke kansa ba, ɗana. Ubanka an taɓa kaɗa masa a garin da ba shi da kowa, yana kwance da zazzaɓi, don kawai a ga ko zai fito. Ya fito. An kayar da shi ranar, amma ya fito."

"In kuma ban fito ba?"

"Abin da muka gada a gidanmu, in aka kira take a gaban jama'a, ɗan gida yana tsaye bai amsa ba, to take ya mutu. Ba zan ƙara kaɗa shi ba. Ba ni zan hana ba, hannun ne ba zai yi ba."

"Ko ina sanye da hula?"

"Hula kanka ta rufe. Ba ta rufe idon mutane ba."

Hajo ta ce, "Gona ya bar maka? Shanu ya bar maka? Abin nan kaɗai ya bari. Katakon Nasara kuwa, bana yana Rogo, baɗi yana Beli."

Iro ya juya hular a hannunsa. "Gwaggo, shi take na Baba ne. Sandunan nan su ne nawa."

Ta ci gaba da matsa, mai yana tsiyaya cikin kwano.

Ranar wasa filinmu ya cika har kan rassan tsamiya. Mahauta suka tsaya gefe guda tare da Sarkin Fawa. Hajo ta zo da ƙwaryar ƙuli-ƙuli ta zauna a ƙarshen layi, ita da ba ta taɓa zuwa ba. Daudu ya zo hannu rabbana. Da Iro ya fito da jar hula 'yan Ƙaraye suka kwashe da dariya, wani ya ce ashe tunkiya Rogo suka sa tsaron gida. Ɗantala bai yi dariya ba. Ya zaga ya sami wuri kusa da kwanar fili, ya zauna ya ɗora kalangu a cinya, bai taɓa shi ba har aka tafi hutu. Da aka yi musanyar gefe shi ma ya tashi ya bi Iro, ya zauna inda zai riƙa ganinsa.

Bayan hutu ƙanen Audu ya ci mana ɗaya da gwiwa, shi kansa bai san ya ci ba sai da aka rungume shi. Daga nan 'yan Ƙaraye suka taso gaba ɗaya. Liti ya karɓi tamaula a tsakiya, ya ɗaga wa Ɗantala hannu. Ɗantala ya miƙe ya sa kalangu a hammata.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne, mutumin da ya tashi da take ba da kunne kaɗai yake jin sa ba. Iro ya ga hannun Ɗantala yana matsewa yana saki, ya ga yadda sandar kiɗan ke sauka, ya gane maganar sarai. Kafaɗunsa suka fara. Sai ya sa hannu ya kwance maɗauri, ya cire hular ya jefar a baya. Bayan shekaru na tambaye shi dalili, ya ce, "In zan ƙi ubana, gara in ƙi shi da kunnena a buɗe."

Kiɗan ya shige shi sosai. Ya saƙala hannu ɗaya a jikin sanda ya riƙe. Jikinsa na kaɗawa, sandar na kaɗawa, igiyar da aka ɗaura daga wannan sanda zuwa waccan tana rawa a saman kansa. Bakinsa na motsi amma ba abin da ke fita. Filin ya yi tsit, sai kalangu. Liti ya ratso, ya wuce mutum, ya wuce wani, ya saki tamaula da ƙafar hagun nan. Iro ya saki sandar. Wannan karon bai kama ba. Dunƙule hannu ya yi ya naushe ta, ta tashi ta faɗa cikin masu kallo. Ya koma ya riƙe sandarsa.

Ɗantala ya yi ta kira har gumi ya jiƙa fatar, muryar kalangu ta dushe. Sarkin Fawa ya juya wa filin baya, sauran mahauta suka bi shi suka juya. Hajo ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a ka ta tafi, ƙuli-ƙulin yana nan yadda ta zo da shi. Alƙali ya hura usur.

Jama'a suka ɓarke cikin fili suka ɗaga Iro sama. Audu yana gaba yana cewa shi tun ranar farko ya san mutumin nan ne zai kawo garkuwa. Baraka ta rangaɗa guɗa. Malam Ƙasimu ya kutsa ya kama ƙafar Iro, don ita kaɗai ya iya kaiwa, ya ce, "Wurin naka ne har ka gaji." Iro yana saman kafaɗu yana waige-waige cikin taro.

Ranar kasuwa ta zagayo. Teburin Iro ya cika, har waɗanda ba sa ganin nama sai da salla suka zo gaisuwa. Da hantsi Daudu ya shigo layin mahauta da kalangu. Ya kaɗa wa na farko, ya tashi ya amsa. Ya kaɗa wa na biyu, ya amsa. Da ya zo kan Iro sai ya sauke hannu.

"Barka da kasuwa, Iro."

"Barka kadai, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiyar wasa?"

"Gajiya ta bi lafiya."

Audu yana wurin, ya ce, "Haba Baba Daudu, gwarzon gari guda za ka wuce haka? Ka kaɗa masa mana."

"Wancan ya tafi," in ji Daudu. "Amma na kwana biyu ina haɗa wani. Nasa ne shi kaɗai. In yana so."

Iro ya goge hannu a jikin riga. "A ji, Baba."

Daudu ya matse kalangu ya kaɗa. Sabon cewa yake, "Ƙofar Rogo, an zo an koma." Kiɗa ne mai daɗi, Audu har ya taka rawa, masu wucewa suka tsaya. Iro ya tsaya yana saurare, kansa a ɗan karkace, kamar mai jiran wani abu ya taso masa daga tafin ƙafa. Daudu ya maimaita. Ya sake maimaitawa, yana kallonsa. Kafaɗun Iro ba su motsa ba.

"Ya yi kyau, Baba," in ji shi. "Allah ya saka da alheri."

Ya yanko hanta mai kauri, ya naɗe a ganye ya miƙa. Daudu ya karɓa da hannu biyu, ya matsa rumfa ta gaba. Iro ya jawo cinyar sa gabansa, ya tambayi mutumin da ke tsaye ta wane gefe yake so a yanka masa.